Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba: wa zai karanta muna ƙasarmu?



Yau da kaina zan fara, ku yi mini haƙuri. Ranar da na gaya ma kawuna cewa na ajiye takardu don in ci gaba da master a fannin jewoloji, wato ilimin sanin ƙasa da duwatsu da abin da ke ƙarƙashinsu, sai ya ajiye kofin shayinshi ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce: “Kai yaro, shekara uku kana karatun duwatsu, yanzu kuma biyu za ka ƙara? Dutsen za ka ci? Ga ɗan wane can ya shiga duwan, har ya yi ma uwarshi gini.” Duk fadar ta kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Wallahi ban ji haushin kawu ba. Abin da idonshi ya gani ya faɗa. Ya ga masu lisans a jewoloji suna kabu-kabu, ya ga wasu suna saida katin waya a bakin tasha. Haushina yana kan waɗanda suka san darajar wannan karatu sarai, suke riƙe da kuɗi da iko, amma suka bar shi kamar maraya.

Tun 2023 babu kalmar da ta fi yawa a bakinmu kamar “arzikin ƙasarmu namu ne”. Ni ma na faɗe ta har muryata ta dushe, kuma ban janye ba. A watan Yunin 2024 an karɓe lasisin Imouraren daga hannun kamfanin Faransa, a Yunin 2025 aka ba da sanarwar maida Somair hannun ƙasa. Man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kai tekun Benin a 2024. To madalla. Amma ina da tambaya guda, kuma ina son mu amsa ta tsakani da Allah: wannan arziki da muke cewa namu ne, mu nawa ne a cikinmu za su iya faɗin ina yake, nawa ne, zurfinshi nawa, kuma shekara nawa zai yi kafin ya ƙare?

A 1957 masu binciken Faransa suka gano uraniyom a Azelik. A 1971 aka fara fidda shi a Arlit. Cominak ta Akokan ta fara aiki a 1978, ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021. Sama da shekara hamsin ke nan ana tonon ƙasarmu. Babbar taswirar duwatsun Nijar da aka karantar da mu da ita, aikin Greigert da Pougnet ce, ta shekarun 1960. Ba na raina aikinsu, sun sha rana sun yi shi. Amma ɗalibin da aka haifa bayan 2000 har yanzu da idon baƙin da suka zo kafin a haifi ubanshi yake kallon ƙasarshi. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Mu kuwa ga ɗakin a hannunmu, sai baƙo ya zo ya nuna muna inda yoyon yake, mu biya shi, mu yi godiya.

Bari in kawo misali yadda kowa zai gane. A cikin tan guda na dutsen da ake fiddowa a Arlit, kilo kaɗan ne uraniyom. A ce kamfani ya rubuta kilo biyu, alhali kilo uku ne. A takarda bambancin kilo ɗaya ne kawai, amma kashi ɗaya cikin uku na dukiyar ya ɓace kafin a zauna teburin rabo. Wa zai gano? Ministan ba zai gano ba, ɗan majalisa ba zai gano ba, ni mai ɗaga allo a titi ba zan gano ba. Sai wanda ya iya ɗaukar samfur yadda ya kamata, ya iya auna shi, ya iya lissafin abin da ke kwance tsakanin rami da rami. Wannan aikin kuwa a master ake koyon shi, a ƙware a dokta. Lisans share fage ne kawai. Duk yarjejeniyar da aka sa ma hannu ba tare da irin waɗannan mutane namu a ɗakin ba, cinikin biri a sama ne, ko da Bature aka yi ta, ko da ɗan Sin, ko da ɗan Rasha.

Kuma kada wani ya ɗauka maganar ta mutanen Agadas ce su kaɗai. Mu dawo gida. Me ya sa Damagaram ke fama da ƙishirwa shekara da shekaru? Saboda birnin yana zaune kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginshi. Shi ya sa ake jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. A irin wannan ƙasa, ana iya haƙa rijiyar burtsatse a nan ta fito busasshiya, a matsa taku ɗari a samu ruwa. Akwai na'urar da ake tura kuran cikin ƙasa da ita don a gano inda tsagar take, amma sai da mai karanta abin da ta nuna. In babu shi, miliyoyin sefa na talakawa ne ake zubawa cikin rami.

Mutanen Maraɗi kuwa ba sai na tuna muku da Tibiri ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, yara suka yi ta shan ruwan wata rijiya mai zurfi da sinadarin fuluwo ya yi ma yawa. Haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu har yau suna ɗauke da nakasar. Ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya ita ce kada fuluwo ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Awo ne da ba ya da wuya. Daga dutsen da ruwan ke kwance a ciki sinadarin ke fitowa, kuma mai ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya san irin shimfiɗar da za a yi hattara da ita. Shekaru aka ɗauka kafin a tsaya a saurari iyayen yaran.

Ga Ɗan Isa kuma. A watan Nuwamban 2021 ramukan zinariya suka rufta da mutane, aƙalla 18 suka rasu. Ƴan uwanmu ne, abinci suka fita nema. Tun da zinariyar Djado ta ɓulla a 2014, dubban matasanmu ke shiga rami da igiya da fitila da addu'ar uwa. In rami ya rufta a rufe wurin, bayan kwana biyu a koma. Wa ke duba musu ƙasar, ya ce nan za ta riƙe, nan sai an tokare, nan kada a kusanta bayan ruwan sama? Wa ke auna rijiyoyin ƙauyukan da ake wanke zinariya da sinadarai masu guba kusa da su? Kuma tarin sharar uraniyom, miliyoyin tan, da aka bari a Akokan, wa zai riƙa auna ruwa da iskar garin nan da shekara hamsin, bayan duk waɗanda suka ci riba sun kama gabansu?

To yanzu ku zo ku ga yadda muke horar da mutanen da za su yi wannan aiki. Makarantu dai akwai: ga sashen jewoloji a jami'a, ga EMIG a Yamai, ga makarantar ma'adinai ta Agadas. Malamai ma akwai, na san waɗanda ke sa ma ɗalibai mai a mota daga aljihunsu. Amma karatun ƙasa a daji ake yin shi, da guduma da jaka da taswira, ana bin dutse ana aunawa. A inda na yi nawa karatun, fitarmu daji a shekara ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Don a san abin da ke cikin dutse, sai an yanka shi an goge har ya fi gashin kai sirantaka, a sa shi ƙarƙashin madubin bincike. Injin yankan namu ya lalace tun kafin in shigo, na fita na bar shi lulluɓe da ƙura. Samfurin da na kwaso da hannuna don aikin master ɗina yana cikin kwali ƙarƙashin gadona, saboda awon sinadaran sai an aika waje, kuma kowane guda da kuɗinshi. Burus ɗin da ake jira sai ya yi wata da watanni bai faɗo ba. In ka nemi sitaj a kamfani, sai a tambaye ka wa ya aiko ka. Ƴan matan da muka fara da su kuwa, banda duk wannan, sai an yi ta gaya musu daji ba na mace ba ne, har su gaji su canza fanni.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, kuɗi na tsaro ne. Gaskiya ne muna cikin yaƙi, kuma Allah ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama. Amma da me ake biyan tsaron? Ba da kuɗin mai da ma'adinai ba? Wanda ya ƙi kashe kaɗan don ya san abin da ya mallaka, zai yi asarar mai yawa ba tare da ya ma sani ba.

Za a ce in an horar da su gudu suke yi waje. Wasu na tafiya, ƙwarai. Amma mutum ya gama dokta ya dawo, ya tarar babu ɗakin awo, babu aiki, wanda bai san bambancin dutsen wuta da farar ƙasa ba shi ke shugabantar ofishin saboda ɗan wane ne, me zai zauna yi? A ba shi burus da sharaɗin ya yi ma ƙasa aiki shekara kaza, a kuma tanadar mishi aikin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski.

Mu ɗalibai ma ba zan wanke mu ba. Akwai masu shiga master don kawai su jira wani abu ya faɗo. Akwai masu kwafe aikin wani daga intanet su canza sunan gari, ba su taɓa taka wurin ba. Irin wannan difloma haɗari ce, don gobe mai ita ne zai sa hannu a ce a haƙa rijiya ma ƙauyen su wani. In muna son a ɗauke mu da daraja, sai mu yarda rana ta dake mu.

Ga abin da nake kira mu taru mu nema, da baki ɗaya.

Na farko, a ware wani kaso bayyananne daga kuɗin mai da ma'adinai don burus na master da dokta a fannin ƙasa, ruwa da ma'adinai, a liƙa sunayen waɗanda suka samu kowa ya gani, kuma a ba ƴan mata kasonsu.

Na biyu, a gina ɗakin awo na ƙasa da zai iya auna dutse da ruwa a nan gida, a sa kuɗin gyaranshi cikin kasafi duk shekara. Mun gaji da injin da ake yanke ma kyalle gaban talabijin, ya mutu bayan wata shida.

Na uku, duk kamfanin da ya haƙa ƙasarmu ya bar muna sandunan dutsen da injinshi ya fiddo, waɗanda masu sana'ar ke ce ma karot, tare da duk sakamakon awonshi, a ajiye inda ɗalibai da malamai za su iya aiki da su.

Na huɗu, ɗaukar ɗalibai sitaj ya shiga cikin yarjejeniya a rubuce, da adadi, ya daina zama alfarma.

Na biyar, dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake samu ga kananan hukumomin yankin da ake haƙa. Mu tambayi magadan gari: nawa ya shigo, kuma yaro nawa na yankin aka tura karatu da shi?

Iyaye, ku ma da ku nake. In ɗanku ko ɗiyarku ta ce za ta karanci duwatsu, kada ku yi mata dariya. Ku tuna da rijiyar garinku da ta ƙafe. Ƙannena da ke aji na ƙarshe a lise, in kuna da kai a lissafi da kimiyya, ku duba wannan fanni, da wuyarshi da komai.

Kawuna kuwa, rannan da rijiyar gonarshi ta fara ba da ruwa mai gishiri, ni ya aiko a kira. Na je da kwalba na ɗebo ruwan. Tana nan gefen kwalin nan, su biyu suna jiran ɗakin awo.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin magana, ya ba mu zaman lafiya. Wanda ya karanta ya isar ma wanda bai gani ba.