Waiwaye: Lokacin da zomo ya fi talaka gata a Ingila

A shekarar 1671 majalisar Ingila ta yi doka cewa ba mai farautar zomo ko makwarwa sai wanda ƙasarsa ke kawo masa fam 100 a shekara. Manomin da ya karɓi gona haya yana ji yana gani zomaye na cinye masa shuka, amma ranar da ya ɗana tarko ya zama mai laifi. Sau da yawa ma alƙalin da za a kai shi gabansa yana cikin masu ƙasar.

Abin ya ƙazanta a 1723. Wasu mutane a dazukan Windsor da Hampshire sun riƙa shafa baƙi a fuska, su shiga da dare su harbi barewa. Sai gwamnati ta fito da abin da ake kira Baƙar Doka: duk wanda aka kama a gandun daji da makami, fuska a ɓoye, hukuncinsa rataya. Masu ƙasa kuma suka riƙa binne tarkon ƙarfe mai haƙora wanda ke karya ƙafar mutum, da bindigar da ke tashi da zarar an taɓa waya a duhu. Ba a haramta waɗannan a dazuka ba sai 1827.

Duk da haka farautar dare ba ta tsaya ba, domin yunwa ba ta jin tsoron alƙali.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar 1862. Shekara shida kafin nan aka wajabta wa kowace gunduma kafa 'yan sanda, sai ga shi an ba su ikon tare mutum a hanya su caje shi, shi da kekensa na doki, bisa zato kawai. Leburan da ke komawa gida da magariba sai ya tsaya a laluba masa aljihu. Mutanen ƙauye suka ɗauki ɗan sanda a matsayin mai gadin zomayen attajiri, alhali har da harajinsu ake biyansa. Wanda kuwa ya caje ka jiya a kan zomo, ba za ka kai masa labarin ɓarawon shanu gobe ba. Wannan asara ce da ta fi duk naman dajin da aka tsare.

Manomi bai samu sauƙi ba sai a 1880, zamanin gwamnatin Firayim Minista Gladstone, da aka yi dokar da ta ba mai hayar gona ikon kashe zomaye a gonar da yake nomawa. Dokar ta ƙara da cewa ko mai ƙasa ya sa shi ya sa hannu a takarda cewa ya yafe wannan haƙƙi, takardar ba ta aiki.