Wa muke rufa wa asiri, mutumin ko rigarsa?

Ran nan musu ya kaure a ɗakinmu har aka manta da indomi a kan risho. Wani ne ya turo bidiyo a WhatsApp: wani jagoran addini ya sha ya yi tatul, yana tangaɗi a bakin titi, yara suna masa dariya. Abokina ya ce a goge, "ai shi ma ɗan Adam ne." Wani ya ce atafau sai duniya ta gani. Ni kam ban ga wanda ya burge ni ba a cikinsu, kuma dalilina labarin wasu mata biyu ne, dukkansu bishop-bishop.

Ta farko Margot Kaessmann ce, shugabar majalisar cocin Furotesta ta Jamus. A watan Fabrairun 2010 'yan sanda suka tare ta a birnin Hanover bayan ta ƙetare jar danja, aka auna ta, giyar da ke jininta ta ninka abin da doka ta yarda har sau uku. Majalisar ta ce tana tare da ita. Duk da haka, cikin kwana huɗu ta sauka daga shugabancin, ta ajiye muƙamin bishop, ta ci gaba da zama fasto.

Ta biyu Heather Cook ce, a jihar Maryland ta Amurka. Ita ma an kama ta tana tuƙi a buge a 2010. Kwamitin da ya tantance ta ya san da maganar, amma galibin waɗanda suka zaɓe ta bishop a 2014 ba a faɗa musu ba. An rufa mata asiri ke nan, irin yadda abokina yake so. A Disambar shekarar, tana cikin maye, ta banke wani mai keke a Baltimore, uban yara biyu, ya mutu. Aka yanke mata shekara bakwai a kurkuku.

To jama'a, wannan rufin asirin wa ya amfana? Ba ita ba, tunda da an cire mata nauyin an kai ta magani, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Riga kawai aka kare, don kar a ce cocin ya ji kunya. Mu ma nan haka muke yi, a masallaci da coci duka: in malam ko fasto ya yi abin kunya, sai a ce a yi shiru don martabar addini.

Na yarda shi ma mutum ne, kuma shaye-shaye ciwo ne da ke buƙatar likita, ba tsinuwa ba. Yaɗa bidiyonsa don a yi dariya rashin tarbiyya ne, wallahi. Amma wanda ya hau mumbari ya hana mu abu, muka ba shi sirrinmu da ƙannenmu ya karantar, ba zai ce a auna shi da mudun kowa ba. A rufa masa asiri a wurin 'yan kallo, a faɗa wa masu alhakin naɗa shi, ya sauka har ya warke. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abokina dai ya goge bidiyon. Da na tambaye shi ko wani ya je ya sanar da dattawan wurin, sai ya ce, "Kai ma ka san ba wanda zai je."