SAƘO BAI ISA BA SAI YA SHIGA HANNUN MAI SHI

Kowace safiya, tun kafin kiran sallar asuba, tashoshin manyan motocin fasinja na Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa suna cika da kayan da masu su ba za su bi su ba. Akwai kwalin maganin da ɗa ya saya wa tsohuwarsa, akwai takardun ɗalibi mai neman shiga jarrabawa, akwai buhun albasar Galmi, da kilishi, da atamfar lefe, da wayar salular da aka saya bayan an ga hotonta a intanet. Kowane ɗaya an biya kuɗin ɗaukarsa, an kuma yi wa mai shi alkawarin za a kai. Mota takan cinye kilomita sama da 600 da ke tsakanin Yamai da Maradi a yini guda. Amma kilomita biyu ko uku da suka rage tsakanin tasha da ƙofar gida, su ne sau da yawa ke cin kwana uku, ko mako, wani lokaci ma saƙon ya tafi ke nan.

Koke-koken jama'a game da masu sana'ar kai saƙo gida kusan iri ɗaya ne a duk garuruwan nan. A ce wa mutum ya jira ranar Talata, ya bar aikinsa ko rumfarsa ya zauna, har magariba ba wanda ya zo, washegari kuma a ce masa an zo ba a tarar da kowa ba. Ko ɗan aike ya tsaya a bakin kwalta ya buga waya ya ce a fito a karɓa, alhali kuɗin da aka biya na kaiwa har gida ne. Ko a miƙa kaya ga yaron da aka gani a ƙofa, ba tambayar suna, ba sa hannu. Ko kwali ya iso a jiƙe, ko a murƙushe, ko da alamar an buɗe shi an sake liƙewa. Ko a nemi ƙarin kuɗin mai wanda ba a yi maganarsa ba tun farko. In mai kaya ya koma ofis, wanda ya karɓa ya ce laifin direba ne, direba ya ce na mai ajiya ne, mai ajiya ya ce na ɗan moto ne, ɗan moto kuwa ba ma'aikacin kamfanin ba ne, hayarsa aka yi ta yini ɗaya.

Kada a ɗauki wannan a matsayin ƙaramar damuwa. Maganin da ya yi kwana huɗu a ɗakin ajiya cikin zafin bazara yana iya lalacewa, mai ciwon kuma ba ya jira. Takardun neman aiki da suka iso bayan an rufe karɓa sun jawo wa mai su hasarar shekara guda. Matar da ke sayar da turare ko yadi daga cikin gida ta hanyar waya, in kayanta suka ɓace sau ɗaya, ta rasa jarinta, ta kuma rasa mai saye, domin ita za a kira macuciya, ba wanda ya ɗauki kayan ba.

Aike ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake da madugai sun daɗe suna ɗaukar saƙon mutane daga gari zuwa gari, bayansu direbobin manyan motoci suka gaji aikin. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sanayya. Direba ya san mai aike, ya san ubansa, ya san gidan da za a kai, kuma in ya ci amana, kafin ya dawo labari ya riga shi shiga gari. Yau garuruwa sun yi girman da sanayya ba ta iya riƙe su. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna mazauna Yamai sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan birnin bai daina faɗaɗa ba. Mai karɓar saƙo bai san mai bayarwa ba, mai kaiwa bai san wanda zai karɓa ba. Inda sanayya ta ƙare, abu biyu ne ke iya tsayawa a madadinta: lambar gida da takarda. Mafi yawan wahalar da ake sha ta samo asali ne daga rashin ɗaukar waɗannan biyun da muhimmanci.

A fara da lambar gida. Nijar ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a shekara ta 1961, ƙungiyar da aka kafa a birnin Bern tun 1874. Gidan waya na ƙasa ya sauya tsari da suna: a 1997 aka raba shi da ɓangaren tarho, a 2005 kuma ya zama Niger Poste. Amma a duk tsawon wannan lokaci wasiƙa akwatin gidan waya take zuwa, mai ita ya je ya ɗauka da makullinsa. Saboda haka mutane suka taso sun san lambar akwati, ko tasu ko ta ma'aikatar wani ɗan uwa, ba su ga amfanin sanin lambar gidan da suke kwana ba. Da sana'ar kai kaya gida ta zo, sai ta tarar da kwatance kawai: bayan masallacin Juma'a, kwana ta biyu hannun dama, gida mai jar ƙofa, kusa da mai tuyar ƙosai. An ce matambayi ba ya ɓata, amma mai ƙosai da hantsi take tashi, jar ƙofa kuma uku ce a layin, ɗan aike kuwa yana da saƙo ashirin a bayan motonsa.

Ba a ce ba a taɓa yin ƙoƙari ba. A farkon shekarun 2000 an yi aikin sa wa titunan Yamai lambobi, aka kafa alluna masu haruffan unguwa, kamar YN na Yantala, KK na Koira Kano, PL na Plateau, aka kuma rubuta lamba a ƙofofi. Aiki ne mai kyau, sai dai birni ya wuce inda alluna suka tsaya, kuma kaɗan ne daga mazauna ke faɗin lambar titinsu in an tambaye su inda suke. Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A 2009 Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta fara wani shiri na neman kowane ɗan Adam ya sami adireshi, a 2017 kuma ƙasar Gana ta buɗe tsarin GhanaPostGPS, wanda ke ba kowane wuri lamba ta hanyar wayar salula. Darasin a fili yake: allo ko na'ura ba su da amfani sai an saba aiki da su kullum. Mai kai takardar kuɗin wuta da na ruwa yana gane gidaje wata bayan wata, domin ma'aikatarsa ta rubuta su, ta jera su, tana kuma bin jerin. Abin da ya yiwu ga takardar biyan kuɗi zai yiwu ga kwalin magani.

Sai maganar takarda, kuma a nan ne doka ta shigo. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, masu dokokin kasuwanci iri ɗaya. A ranar 22 ga watan Maris na 2003, a birnin Yawunde, ƙungiyar ta amince da dokar ɗaukar kaya ta hanyar mota, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu na 2004. Dokar ba ta shafi saƙon da ke tafiya ƙarƙashin yarjejeniyar gidajen waya ta duniya ba, wannan yana da nasa ƙa'idodi. Amma kayan da aka ba mai mota don ya kai a biya shi, suna cikinta. Ta ɗora wa mai ɗauka alhakin kaya tun daga lokacin da ya karɓa har ya miƙa. Ta tanadi takardar ɗaukar kaya, mai sunan mai aikawa da na mai karɓa, da wurin da za a kai, da irin kayan, da nauyinsu, da kuɗin da aka biya.

Akwai abubuwa a cikin wannan doka da ya kamata kowane mai aike ya sani. In kaya suka ɓace ko suka lalace, diyyar ba ta wuce sefa 5.000, wato jika biyar, a kan kowane kilo, sai fa in an rubuta darajar kayan a takarda tun farko, ko kuma an tabbatar da cewa da gangan ko da ganganci aka yi ɓarnar. A ɗauki misalin wayar salula ta jika sittin, wadda ita da kwalinta nauyinsu rabin kilo ne. In ta ɓace ba a rubuta darajarta ba, abin da doka ta tilasta a biya bai wuce sefa 2.500 ba. Haka kuma ɓarnar da ido ke gani, sai an sanar da ita a rubuce kafin ƙarshen ranar aiki ta farko bayan karɓa. Wadda ba ta fito fili ba, cikin kwana 7, ban da Lahadi da ranakun hutu. Kukan jinkiri yana da kwana 21, diyyarsa kuma ba ta wuce kuɗin ɗaukar da aka biya. Kayan da ba a sa musu ranar isa ba, in suka yi kwana 60 ba su isa ba, mai su yana da ikon ɗaukar su a matsayin ɓatattu. Ƙara kuma a cikin shekara ɗaya ake kai ta. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna da wuyar samu ga wanda ba ya riƙe da takardar shaida, domin magana ta zama bakinsa da bakin kamfani.

Wajibin kamfanoni ke nan su gyara aikinsu tun daga teburin karɓa. Kowane saƙo ya sami lamba da takardar shaida, a auna shi, a tambayi abin da ke ciki da darajarsa, a rubuta. A faɗa wa mai aike dalla-dalla ko kuɗinsa na tasha zuwa tasha ne ko na har gida, a kuma manna farashin a bango inda kowa zai gani, da Faransanci da harsunan ƙasa. Kada a miƙa kaya sai ga mai sunan ko wanda ya wakilta, da sa hannu ko dangwalen yatsa. Kamfanin da ya karɓi kuɗi shi ke da alhaki, ko da ɗan moton haya ya ba kayan. Shi ma ɗan aiken a duba haƙƙinsa. Wanda ake biya bisa yawan saƙon da ya kai, yana sayen mai daga aljihunsa, yana ratsa rairayi da rani da taɓo da damina, dole ya nemi gajeriyar hanya, kuma gajeriyar hanyar ita ce jefa kaya a hannun duk wanda ya gani.

Hukuma ma tana da nata rabon. ARCEP, wadda aka kafa a 2018 don sa ido a kan harkar sadarwa da ta gidan waya, ita ce ya dace ta bayyana wa jama'a sunayen waɗanda aka yarda su yi wannan sana'a, da ƙofar da mai kuka zai buga, da tsawon lokacin da zai jira amsa. Magadan gari na Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa su ɗauki lambar titi da ta gida a matsayin aiki irin na magudanar ruwa da fitilar hanya, su haɗa kai da masu unguwanni, kada a raba filayen sabuwar unguwa ba tare da an sa wa layukanta lamba ba. Amfanin bai tsaya ga ɗan aike ba. Motar asibiti da ta masu kashe gobara su ma kwatance suke bi, kuma a wurinsu kowane minti rai ne.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai aike da ke ba da lambar wayar da ba ta aiki, da mai karɓa da ke kashe wayarsa ranar da aka ce za a zo. Akwai mai zuba man gyaɗa a jarkar da ba ta da murfin kirki, ya ɓata kayansa da na mutane. Akwai mai ɓoye kuɗi ko zinariya a cikin buhun hatsi, ko ya ce tsofaffin tufafi ne don a rage masa kuɗin ɗauka, in abin ya ɓace kuma ya zo yana rantsuwa. Wanda ya ɓoye darajar kayansa, da hannunsa ya yafe diyyarsa.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su ga ranar alƙalaminsu. Mai iya rubutu ya rubuta cikakken suna, da unguwa, da lambar titi in akwai, da lambobin waya biyu a jikin kwali, ba a kan ƴar takardar da iska za ta ɗauke ba. Ya nemi takardar shaida, ya karanta ta kafin ya bar wurin, ya adana ta har saƙo ya isa. Mai karɓa ya buɗe kaya a gaban wanda ya kawo, in ya ga ɓarna ya rubuta nan take kafin ya sa hannu. Ya kuma yi wa maƙwabcinsa da bai sami karatu ba irin wannan hidima, domin neman takarda ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai bayarwa da mai ɗauka baki ɗaya.

Magabata sun ce alkawari kaya ne. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce zai kai masa saƙo har gida, kaya biyu ya ɗauka, kwalin da alkawarin, kuma ba ya sauke ko ɗaya a tasha ko a bakin kwalta. Zai sauke su ne ranar da mai saƙo ya karɓi abinsa lafiya, ya duba, ya sa hannu.