Ba kowane ciwon gaɓɓai ne sanyi ba

Mu duba wani al'amari da muke gani a garuruwanmu. In mace ta ce hannuwanta suna ciwo, sai mu ce sanyi ne, ko tsufa ne. Sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwayoyi. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma yana sa mutane asarar hannuwansu.

Ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Akwai na zaizayewar gwiwa da ƙugu, wanda shekaru da aikin ƙarfi suke kawowa. Akwai kuma wani mai tsanani, inda jiki da kansa yake yaƙar gaɓɓansa. Ga alamunsa: yatsu da wuyan hannu suna kumbura, dama da hagu tare. Da safe hannu yana ƙagewa, har fiye da rabin awa bai saki ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke da wannan ciwo, kuma 70 cikin 100 mata ne. In aka bar shi, yatsu suna karkacewa. Mace ta kasa riƙe taɓarya da igiyar guga, manomi ya kasa riƙe hauya.

Ƙwayoyin tebur suna kwantar da zafi, amma ciwon yana nan yana cin gaɓa. Diklofenak, in an daɗe ana sha, yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Dekisametazon yana kumbura fuska, yana raunana ƙashi, yana iya tada ciwon sukari. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya bari rana ɗaya, sai da shawarar lokotoro. Tramol kuwa kama mutum yake yi, ya kasa bari.

Alhali akwai magani mai tsaida ɓarnar. Sunansa metotirezat, kuma tun wajen 1988 ya zama babban maganin wannan ciwo. Sau ɗaya tak ake shan sa a mako, ba kullum ba. Lokotoro ne yake rubuta shi, yana auna jini lokaci-lokaci. Mai ciki ba ta shan sa. Amma gaɓar da ta riga ta lalace, magani ba ya maida ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun sani lokotoron gaɓɓai kaɗan ne a ƙasarmu, kuma Yamai da nisa ga talakan ƙauye. Saboda haka muna kira ga hukuma ta horar da ma'aikatan likitocin karkara. Su gane alamun da wuri, su tura marar lafiya babban asibiti, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa.

Mu ma da namu aikin. Duk gaɓar da ta kumbura ta yi makonni ba ta saɓe ba, mu kai mai ita likita. Maigida, kada ka jira sai an gama girbi. Hannun da yake daka da noma shi yake ciyar da gida.