Wasiƙa Zuwa ga Masu Renon Ƙwayoyin Jijiya a Ɗakin Bincike

Ya ku 'yan'uwa ma'abota wannan sana'a, nasihata gare ku a kan rini ce, da sauran abubuwan da kuke zuba wa faranti ba da nufin gwada su ba.

A 1907 Ross Harrison ya ajiye ɗan yankin jijiyar tayin kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki, ya ga zare yana tsirowa daga ƙwaya. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayar jijiya halitta ce mai rauni ƙwarai, har takan janye zarenta saboda gubar da ba ta kai ta kashe ta ba. Saboda haka wanda ya ƙirga rayayyu da matattu kaɗai, bai auna tsawon zare ba, rabin labari ya samu.

Alƙali ba ya karɓar shahada sai an yi wa mai shaida tazkiyya, to rinin da kuke gani da shi ma mai shaida ne. Trypan blue, wanda yake shiga matacciyar ƙwaya ya bar mai rai, idan aka yi jinkirin ƙirga sai ya fara cutar da masu ran, har a rubuta mutuwar da shi ya jawo a kan maganin da ake tuhuma. Jan rinin phenol red, da yake nuna tsamin ruwan reno, an nuna a 1986 cewa yana ɗan kwaikwayon sinadarin estrogen. Hatta hasken fitila, in ya daɗe a kan ruwan da ke da riboflavin, yakan haifar da hydrogen peroxide. Shi kuwa DMSO da kuke narka magani da shi, a ganina kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari.

Abin da ya sa na damu shi ne, sakamakonku ba a faranti yake tsayawa ba. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta hallaka a 2010 ya san nauyin amanar cewa abu kaza guba ne, ko kuwa ba shi da illa.

Don Allah, kowane gwaji ku ware masa faranti na shaida, wanda ya sha rini ɗaya, da haske ɗaya, da DMSO daidai gwargwado, ban da maganin kaɗai, kuma ku rubuta mintocin da rinin ya yi kafin ƙirga.