Misalin Wa'azi Daga Fadamar Albasa

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, "almajirai" ake kiran mabiyan Yesu, zaɓen kuwa ya dace, domin Bahaushe ya san almajiri. Abin takaici, misalan da wasu masu wa'azi ke kawowa a majami'un ƙasar Jega da Maiyama ba su bi wannan sawu ba. Sai a ji an ɗauko labarin jirgin ruwa daga littafin Turawa, alhali mai sauraro mutumin Liba ne, bai taɓa ganin teku ba.

Ga albasa kuwa a bakin ƙofa. Manomin Aliero ya san sai an reni iri kafin a dasa. Ya kuma san yawan lawashi ba ya nuna albasa ta yi kai. Haka sabon mai bi yake: waƙa da zuwa sujada lawashi ne, haƙuri da riƙon amana su ke girma a ƙasa, sai ranar cira a gani.

Wasu za su ce misalin gona ya yi arha. To, Yesu da kansa da mai shuka ya fara a Markus sura 4, domin mutanen Galili sun san gona.