Mai Sayen Fili a Gombe, Tambayi Tsohon Sunan Wurin

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ina da magana da ku, musamman masu aiko kuɗi gida a saya musu fili a Gombe.

Da yawanku ba su san cewa sunan nan Gombe baƙo ne a inda yake yau ba. Asalin garin da Modibbo Buba Yero ya kafa, bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne Gombe Abba, can bakin kogin Gongola, cikin ƙasar Dukku ta yanzu. Turawa ne suka ɗauke hedkwata suka kai Nafaɗa a 1913, sa'an nan a 1919 suka sake dawowa da ita Doma. Sunan ya biyo Sarki, aka riƙa cewa Gombe Doma, har Doma ta faɗi daga bakin mutane.

To, Doma ba bakin kogi take ba, amma kuma a gangare take. Wanda ya shigo ta hanyar Bauci ya sani, saukowa ake yi. Ƙasar rairayi ce, da damina ruwan tuddai ta cikin gari yake bi, yana yanka kwazazzabai yana cin gidaje. Mutanen dā sun san haka, kuma sunayensu ba su ɓoye kome. In an ce tudu, tudu ne. In an ce kwari ko fadama, an gaya maka inda ruwa yake kwana.

Tun da aka ba Gombe jiha a 1996 fili ya yi daraja, dillalai kuwa suka koyi dabara. Sai a yanka gonar da kowa ya san hanyar ruwa ce, a laƙa mata sunan Turanci mai daɗin ji, a aika wa mutumin Ikko hoton da aka ɗauka da rani. Ni a ganina wannan ha'inci ne, kuma ya kamata hukuma ta sa a riƙa rubuta tsohon sunan wuri a kowace takardar fili.

Kafin a yi haka, kada ka biya ko kwabo sai ka aiki wani naka wurin mai unguwa, ya tambayo yadda ake kiran wurin kafin a yanka shi. In da hali, ka zo da kanka cikin watan Agusta.